Neman abokin aure ta waya a Bauchi: yadda ake zaɓen manhajar kyauta

Shekarata tara ina gyaran waya a gefen Kasuwar Wunti, kuma akwai tambayar da ba a taɓa yi mini ita da ƙarfi ba. Mutum zai jira sai shago ya yi sauƙi, ya miƙo waya kamar wurin caji ne ya lalace, sannan ya rage murya: "Malam, wai wace ce manhajar nan da ake samun matar aure, wadda ba a biya?" Mata ba su cika zuwa da kansu ba. Ƙani ake aikowa, ko ƙawa ta ce wai 'yar'uwarta ce ke tambaya. Na sauke wa mutane da yawa, na kuma goge wa mutane da yawa, wasu don an sa rana, wasu don ido ya raina fata.

Ni a wurina manhajar nan 'yar dalilin aure ce, irin tsohuwar da ke shiga gida-gida da hotuna a jaka. Aikinta ta nuna maka wance, ta nuna wa wance kai. Sai dai tsohuwa ta san gidan su yarinya, ta san kakanta, kuma in ta shirga ƙarya an san ƙofar da za a buga. Manhaja ba ta san kowa ba, ba ta kuma da ƙofa. Don haka wadda ta fi ita ce wadda ke da mutanen gaske kusa da kai, wadda za ta fitar da maganar daga waya zuwa zauren gidan iyaye da wuri.

Da farko, me kake nema?

Manhajojin nan ba uwarsu ɗaya ba. Tinder, wadda ta fito a Amurka a 2012, ita ta yaɗa salon nan na ture hoto dama in kana so, hagu in ba ka so. An gina ta ne don al'adar da saurayi da budurwa ke haɗuwa ba tare da maganar aure ta taso ba. Badoo ta girme ta, tun 2006 take, kuma ta daɗe a wayoyin 'yan Najeriya. Bumble ta zo a 2014 da tsarin mace ce ke fara magana, ko da yake a 2024 sun sassauta dokar. Duk ukun za ka tarar da kowane irin mutum a ciki: mai neman aure, mai neman hira, mai neman abin da ba a faɗa.

Akwai kuma waɗanda aka yi don Musulmi masu neman aure. Wadda aka fi sani ita ce Muzz. Wani ɗan Ingila mai suna Shahzad Younas ne ya kafa ta da sunan Muzmatch, sai a 2022 ta koma Muzz bayan ta sha kaye a shari'ar suna da kamfanin Match Group, masu Tinder. Sai Salams, da kuma tsohon shafin nan Muslima. A irin waɗannan, tun wajen rijista za a tambaye ka batun salla, da ko ka taɓa aure, da ko kana da yara, da yaushe kake son yin auren.

In aure kake nufi, fara da gidan da aka gina don aure. Ba wai duk wanda ke ciki waliyyi ba ne, ko kusa. Amma a can in ka ce "zan turo magabatana" ba wanda zai yi maka kallon baƙauye. 'Yan'uwanmu Kiristoci na Yelwa ko Tafawa Ɓalewa, da su ma suke zuwa shagona da wannan tambaya, na kan ce su gwada Bumble ko Badoo, su rubuta niyyarsu ƙarara a layin farko.

Ka gane ma'anar "kyauta"

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ke biyan ma'aikata a Landan ko Amurka bai buɗe manhaja don neman lada ba. Saukewa kyauta ne, rijista kyauta ce, daga nan kowa da inda ya kafa shingensa.

Abin da za ka bincika shi ne a ina shingen yake. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: idan na so mutum, shi ma ya so ni, za mu iya hira ba tare da an biya ba? A Tinder, Bumble da Muzz, amsar e ce. Abin da suke sayarwa ƙari ne: a nuna maka waɗanda suka riga suka so ka, a ɗaga hotonka gaba, a cire maka iyakar adadin mutanen da za ka iya zaɓa a rana. Duk wannan za ka iya rayuwa babu shi. Iyakar ma alheri ce, don tana sa mutum ya tsaya ya karanta maimakon ya yi ta ture hotuna kamar mai zaɓen tumatir a Muda Lawal. A Muslima kuwa rijista kyauta ce, amma hira sosai sai ɗayanku ya biya.

Wadda za ka guje wa gaba ɗaya ita ce mai sayar da "tsaba" ko "lu'ulu'u", kowane saƙo da farashinsa. Alamarta ba ta ɓuya. Minti biyar da yin rijista, ko hoto ba ka sa ba, sai ka ga kyawawan mata goma sun turo gaisuwa, amma ba za ka karanta ba sai ka saya. Ɗan'uwa, ka tambayi kanka: yaushe ka yi wannan farin jinin? Ko a unguwarku ba a taɓa yi maka haka ba.

Sai batun gwajin kyauta na 'yan kwanaki. Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini waya yana cewa an yi masa kutse, duk wata ana zare masa kuɗi. Da muka duba, ba kutse ba ne. Wata manhaja ce ya sa wa katinsa don gwaji, ya goge ta bayan kwana biyu, ya ɗauka magana ta ƙare. Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da biyan kuɗin wata-wata. Sai ka shiga Play Store, ka taɓa hotonka da ke sama, ka shiga sashen biyan kuɗi da rijista, ka soke da hannunka. Shawarata ma, a watan farko kada ka haɗa katinka da komai.

Duba ta tun kafin ka sauke

Daga Play Store ko App Store kaɗai. Kada ka karɓi wadda aka turo maka ta WhatsApp ko Xender da sunan "an buɗe komai kyauta". Irin waɗannan na sha cire su daga wayoyin da aka kwashe wa hotuna da lambobi.

A shafin manhajar, dubi sunan kamfanin da ya yi ta, don akwai na jabu masu ɗaukar suna da tambari mai kama da na asali. Dubi ranar da aka sabunta ta. Wadda ta shekara ba a taɓa ba, gidan da masu shi suka tashi ne. Sannan ka tsallake yabon masu tauraro biyar, ka je ga masu tauraro ɗaya da biyu. In ƙorafin da ke maimaituwa shi ne "hotunan bogi" ko "an cire mini kuɗi," ka gama bincike.

Bayan saukewa, ka lura da izinin da take nema. Kyamara da wurin da kake, wannan da dalili. Amma me ya haɗa 'yar dalilin aure da saƙonnin bankinka? Ƙi. A wayoyin da ke da Android 12 zuwa sama, za a ba ka zaɓi tsakanin ainihin inda kake da kuma kintace. Zaɓi kintace, kuma a lokacin da kake amfani da ita kaɗai.

Dukkansu na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Yaran sakandare da ke zuwa mini da wannan buƙata, korarsu nake yi.

Akwai mutane a ciki kuwa?

Wannan shi ne gwajin da ba za ka samu a tallar kowace manhaja ba. Za a ce maka tana da miliyoyin mutane. Gaskiya ne, amma miliyoyin suna Landan, Lahore, Jakarta da Legas. Kai kuwa kana Fadamar Mada.

Ga yadda nake gwadawa. Ka sa tazarar nema a kilomita 30, wato garin Bauchi da kewaye har su Gubi da Gwallameji. Ka ƙirga mutanen da za a nuna maka kafin ta ce sun ƙare. In ba su kai a ƙirga ba, faɗaɗa zuwa kilomita 160, wanda kusan shi ne ƙarshen abin da Tinder ke bayarwa. Da wannan Jos za ta shigo, tunda kimanin kilomita 130 ce, Gombe ma za ta shigo. Sai ka tambayi kanka gaskiya ko za ka iya zuwa zance Gombe, ko ke za ki yarda a kai ki Jos.

Ka kuma lura da su wane ne. Lokacin da jami'ar ATBU da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ke karatu, manhaja kan cika da ɗalibai da masu hidimar ƙasa. Ana yin hutu sai ta zama kango. Ba laifi ba ne, amma wanda zai bar gari nan da wata shida lissafinsa daban da na ɗan Bakaro da aka binne cibiyarsa a nan.

Ka ba kowace manhaja mako biyu. Biyu kaɗai za ka riƙe a lokaci guda. In mako biyu ya wuce fuskokin nan dai ne ke ta dawowa, rufe ka gwada wata.

Ga kuma gaskiyar da masu manhaja ba za su so ba: a Arewa, haɗin aure da yawa ba a cikinsu ake yi ba, a shafukan Instagram da zaurukan WhatsApp na masu dalilin aure ake yi. Can kan fi cika da 'yan gida, amma galibi akwai kuɗin rijista, kuma hotonki na hannun mutum ɗaya da ba ki san inda zai kai shi ba. In za ki shiga, nemi wadda ta yi aure ta hannunsu ki ji daga bakinta.

Sauƙin amfani

Ba sai an ja wannan ba. In wayarka ƙaramar Itel ce ko tsohuwar Tecno, manhajar da ke sa ta zafi tana daskarewa ba taka ba ce. Hotuna da bidiyo na shan data, don haka dubi abin da ta ci bayan kwana uku. Turanci za ka tarar a yawancinsu, wasu da Larabci, amma bayaninka da hirarka ba wanda ya hana ka yi da Hausa. Kafin ka fara magana da kowa, nemo maɓallin toshe mutum da na kai ƙara. In ka yi minti biyu ba ka gan su ba, manhajar ba ta damu da kai ba.

Abin da za ka sa, da abin da za ka ɓoye

Bauchi ƙaramin gari ne. Wanda zai ga hotonki yana iya zama abokin yayanki ko ɗalibin babanki. Shi ya sa nake nuna wa mata Muzz, don tana ba da damar dusashe hoto, ba mai gani sai wanda kika buɗe wa. Tana kuma da tsarin sa waliyyi, a riƙa tura masa kwafin hirar ta imel. Wata ƙanwata ta sa Yayanmu. Ta ce da samari sun ga alamar akwai mai sa ido, rabinsu ke ɓacewa da kansu, ta huta da tankaɗe da rairaya.

Hoto ya zama na bana, ba na bikin da aka yi shekara biyar ba, kuma a rage filta. Kada a ga ƙofar gidanku, lambar mota, ko katin wurin aiki. Sunan farko ya isa. A ce "Bauchi," ba sai an ce lungu kaza bayan masallaci kaza ba.

Wajen bayani kuwa, a faɗi abin da in an ɓoye zai rusa magana daga baya. Alhaji, in ƙari za ka yi, rubuta cewa kana da iyali. Akwai matan da ba su ƙi ba, kuma gara su same ka da gaskiyarka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a garin da kowa ya san motar kowa. Ke ma in bazawara ce mai yara biyu, faɗa. Wanda zai gudu ya gudu tun yanzu, kafin zuciya ta saba da muryarsa.

Tantance mutum kafin zuciya ta shiga

Yawancin manyan manhajojin suna da alamar tantancewa, wadda ake samu bayan mutum ya ɗauki hoton fuskarsa kai tsaye. Ka yi naka, ka kuma fifita masu ita. Amma abin da take tabbatarwa kaɗan ne: fuskar tasa ce. Ba ta ce shi injiniya ne ba, ba ta ce ba shi da mata ba.

Sauran aikin naka ne. Cikin makon farko a yi kiran bidiyo, a cikin manhajar in tana da shi, don kada ki ba da lambarki da wuri. Wanda kullum kyamararsa ta lalace, ko yana "wurin aiki da aka hana," ya ba ki amsa. In ya ce ɗan Bauchi ne, ja shi da hirar gari: a ina yake sallar Juma'a, masar ina ya fi so, wace firamare ya yi. Ɗan gari ba ya tsayawa tunani. Hoton da ya yi kyau fiye da kima, sa shi a Google Lens, manhajar Google da ke nemo inda hoto ya fito a intanet; sau da yawa za ka tarar na wata 'yar kwalliya ce a wata ƙasa. In an kai ga musayar lamba, akwai dabarar da muke yi a kasuwa: galibin asusun OPay da PalmPay lambar waya ce da aka cire wa sifilin farko. Shiga kamar za ka tura kuɗi, sunan mai asusun zai fito, sai ka fasa. In ya ce maka shi wane ne, sunan da ya fito kuma daban, a yi masa tambaya.

'Yan damfara kuwa waƙarsu ɗaya ce, amshi kawai suke canjawa. Soja ne a bakin daga da aka riƙe wa albashi. Ɗan kasuwa ne a Dubai da ya aiko miki da akwati, saura kuɗin kwastan. Budurwa ce da za ta taso daga Azare ta gan ka, a turo kuɗin mota, sai mota ta lalace a hanya, sai mama ta kwanta asibiti. Na baya-bayan nan ba ya ma roƙo, koya maka zai yi yadda ake zuba kuɗi a kirifto a ninka. Dokar guda ce: wanda ba ka taɓa gani ido da ido ba, ba ya cin ko naira ɗari taka. Haka lambar BVN, da NIN, da lambar sirrin da banki ke turowa. Haka lambobi shidan nan na WhatsApp. Duk wanda ya ce "an turo miki wata lamba bisa kuskure, karanto mini," asusunki yake son ƙwacewa, ya bi 'yan'uwanki yana roƙo da sunanki.

Mafi muni shi ne na hoton tsiraici. A lallaɓa mutum ya turo, daga nan a ce ko kuɗi ko a watsa wa dangi. Ba ƙaramin abu ba ne: a watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'a. Kuma maza sun fi mata saurin faɗawa, na gani da idona. Kada tsarin "gani sau ɗaya" na WhatsApp ya ruɗe ka, wata wayar ake sa wa a ɗauka. In abin ya riga ya faru, kada ka biya, don biyan farko ƙofar na biyu ne. Adana saƙonnin da lambar asusun da aka turo, toshe shi, ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi, a kai ƙara wurin 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haɗa da irin wannan barazana. In damfarar kuɗi ce, a sanar da banki nan take, kuma EFCC na da ofishin shiyya a Gombe.

Daga waya zuwa zaure

Hirar da ta haura wata biyu ba a ambaci iyaye ba, ba ta da alƙibla. Ke kina da kalmar da ta fi duk wata alamar tantancewa ƙarfi: "Ka zo gida ka gai da Baba." Mai niyya zai tambayi rana. Marar niyya zai fara dogon Turanci a kan sai an fahimci juna.

In dai sai an fara ganin juna a waje, ya zama da rana, a wurin cin abinci mai jama'a, da rakiyar ƙawa ko ƙani, kuma wani a gida ya san inda kike. Ki zo a kekenki, ki koma a kekenki. Ba otal, ba "gidan abokina," ba shiga motarsa a je shan iska hanyar Dass. Maza ma haka. An sha kiran mutum wani lungu a raba shi da waya da babur.

Wasu na jin nauyin cewa a waya aka haɗu. Ban ga abin ɓoyewa ba, don in magabata ba su san ta inda aka faro ba, ba za su san irin zurfin binciken da ya kamata su yi ba. A bar su su yi aikinsu: unguwarsu, limaminsu, wurin aikinsa, dalilin mutuwar auren farko in akwai. Kuma tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a je asibiti tare a yi gwajin jini, ba a turo hoton takarda ta WhatsApp ba. In ku biyun AS ne, kowane ciki na da kashi 25 cikin 100 na zuwa da sikila. Asibitin koyarwa na ATBU da asibitin ƙwararru duk suna yi, har da na ƙanjamau da ciwon hanta.

In an dace

Akwai ango da ya shigo shagona fuska a murtuke, sati uku da ɗaurin aure. Abokinsa ne ya ga hoton amarya har yanzu yana yawo a manhaja, ya ɗauko ya turo masa. Baiwar Allah tun ranar sa rana ta goge manhajar daga wayarta, ba ta san asusun na nan ba. Sai da muka sake saukewa a gabansa, ya ga saƙon ƙarshe na wata huɗu da suka wuce ne, kuma shi ta tura wa, sannan ya saki rai ya biya ni kuɗin data.

Don haka tsarin shi ne: a fara soke biyan kuɗi a Play Store in akwai, a shiga saitin manhajar a cire hotuna, a danna goge asusu gaba ɗaya, ba dakatarwa ba, sannan a cire ta daga waya. Ku yi a zaune tare, wayarsa da wayarki, don nasa asusun ma ba a tabbatar ya rufe ba.